Son Maso Wani: Daga Kantin Kwari Zuwa Tokiyo



Takardar gayyatar da aka aiko mini ta ce in yi magana a kan matasa da baƙin al'adu. Wannan kan magana an sha tattaka shi, har ta kai kowa ya san abin da za a faɗa tun mai jawabi bai buɗe baki ba: a tsine wa zamani, a yi wa iyaye nasiha, a watse. Ni dai ina neman izini in kauce wa wannan turba, in ba ku labarin wata rigima da aka yi a gidanmu, domin ita ce ta sa na sake tunani a kan abin da na ɗauka na riga na sani.

Wana yana da shago a Kantin Kwari, yana sayar da shadda da atamfa da leshi. Yana da ɗa mai shekara 19 wanda yake taya shi tsaron shago kafin ya sami shiga jami'a. Ran nan da hantsi, wajen ƙarfe goma, ga baƙi sun sauka daga Maraɗi suna ciniki, aka nemi yaro ya sauko da bandir aka rasa shi. Ashe yana can bayan diloli a tsugune, ya toshe kunnuwa, ya ƙura wa waya ido. Uban ya fizge wayar. Abin da ya gani shi ne mutum biyar a kan dandamali, fuska ta sha farar hoda da kwalli, gashi a tsaitsaye kamar an tsorata bushiya, ɗaya ma sanye da doguwar riga mai leshi. Ya ce, "Waɗannan matan fa?" Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, maza ne." Alhaji ya saki salati, ya jefa wayar a aljihu. Da dare aka kira ni, a matsayina na ɗan bokon gida, wai in zo in duba ko yaro ya shiga wata ƙungiyar asiri.

Ba ƙungiyar asiri ba ce. Wani salon kiɗa ne na ƙasar Japan da ake kira visual kei, watau salon da aka gina a kan abin da ido zai gani. Ya taso ne a shekarun 1980, lokacin da waɗansu samari masu kiɗan jita mai amo suka ɗauki kwalliyar mawaƙan Ingila da Amurka irin su David Bowie da ƙungiyar Kiss, suka ƙara mata gishiri. Ƙungiyar da aka fi dangantawa da kafuwarsa ita ce X Japan, wadda Yoshiki da abokinsa Toshi suka fara a 1982. Ta yi tashen da har takan cika babban filin Tokyo Dome, mai ɗaukar mutum sama da 50,000, kuma a can ta yi wasan bankwana ranar 31 ga Disamba 1997, kafin ta sake haɗuwa a 2007. Da mai kiɗa mata jita, wanda ake kira hide, ya rasu a watan Mayu 1998, kimanin mutum 50,000 ne suka fito jana'izarsa. Ita kuwa shigar mata da ta tayar wa wana hankali, tana da tsohon tushe a can. A 1629 hukumar Japan ta hana mata fitowa a wasan kwaikwayonsu na gargajiya mai suna kabuki, saboda haka maza suka riƙa fitowa a matsayin mata, abin ya zama sana'a mai zaman kanta har yau.

Na tambayi yaron me ya sa sai da hantsi, lokacin da kasuwa ta fi cika. Ya ce, "Baffa, ai sun riga mu da awa takwas. In sun hau dandamali ƙarfe shida na yamma a Tokiyo, nan ƙarfe goma ne na safe." Daga nan ya shiga zayyana mini wahalar da mai so daga nesa yake sha. Ba ya jin harshen, sai ya jira wani a Burazil ko Jamus ya fassara waƙar zuwa Turanci, shi kuma ya juya ta a ransa zuwa Hausa, ma'ana ta zube a hanya sau biyu. Ba shi da halin sayen faifansu, domin kuɗin aikowa kaɗai ya isa ya karya shi. Bai taɓa haɗuwa da mutum ɗaya a Kano mai son abin ba. Matasan Turai sun fi shi sa'a, don kuwa a 2005 ƙungiyar Dir en grey ta je Balin ta yi wasa, masoya kimanin 3,500 suka cika zauren. Shi kuwa ya san ba za su zo Fagge ba har abada, ya kuma san ba su da labarin akwai shi a duniya. Bahaushe ya ce son maso wani ƙoshin wahala.

To, jama'a, a nan ne dariya ta kusa ƙwace mini. Domin wannan Alhaji da yake salati, ni na san shi tun yana saurayi. Shi ne wanda yake tara kuɗin tara har ya isa na tikiti, ya haura katanga bayan sallar isha, ya nufi sinimar Plaza a Fagge, wani lokaci ya zarce El Dorado a Sabon Gari. Shi ne wanda ya haddace waƙoƙin Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar ba tare da ya san ma'anar kalma goma a ciki ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya taɓa karya masa kaset a tsakar gida. Laifi tudu ne, in ji masu magana.

Kada ku ɗauka tsangwamar da aka yi wa masoyan Indiya ƙarama ce. Gidan sinima na Rex ya buɗe a Kano a 1937, kuma tun farko mutanen gari suna kallon abin a matsayin dodon bango, wurin da ɗan mutunci ba ya zuwa. Da gobara ta tashi a sinimar El Duniya a 1951, mutum 331 suka halaka, da yawa suka ce ai ga sakamakon saɓo nan. Duk da haka, da Kwarori masu gidajen sinima suka fara shigo da finafinan Indiya a shekarun 1950, Kanawa suka rungume su hannu bibbiyu. Ku lura da wannan: jama'ar da suka fara buɗe kantunan yadi a Kwari, daga cikinsu ne aka sami masu kawo fim. Yadi da waƙa ƙofa ɗaya suka biyo suka shigo mana. Fim ɗin Mother India na 1957 ya shekara aru-aru ana maimaita shi, ba fassara, ba rubutu a ƙasa, mutane suna kuka a inda ya kamata a yi kuka. Aka raɗa wa 'yan wasan sunaye na gida, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Su ma waɗannan ba su san da zaman masoyansu na Fagge ba.

Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne abin da ya biyo baya, domin a nan darajar maganar take. Kanawa ba su tsaya ga kallo ba. Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge da Ali Makaho suka ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka zuba musu Hausa. Masu bege suka ɗauki karin nan dai suka ɗora masa yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna kaɗa bandiri, har aka sami ƙungiya mai suna Ushaƙu Indiya. Ku duba wannan juyi: waƙar da aka rera a Bambai tsakanin saurayi da budurwa ta zo Kano ta koma zikiri. Aka sami waɗanda suka koyi Indiyanci da kunne kawai, har da wanda ya rubuta littafin koyar da shi da Hausa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, aka buɗe ƙofar finafinan Hausa na bidiyo, kuma kafin shekara goma waƙa da rawa irin na Indiya sun zauna daram a cikinsu. Ko mutum yana son Kannywood ko ba ya so, ba zai musa cewa dubban mutane suna ci daga gare ta ba. Daɗin daɗawa, fiyanon da aka buga yawancin kiɗan nan da shi ƙirar Yamaha ne ko Casio. Watau kari na Indiya, murya ta Bahaushiya, na'ura ta Japan. Ashe Japan ta daɗe a cikin kunnen Alhaji bai sani ba.

Duk wanda ya san Kwari ya san wannan dabara. Shaddar da muke taƙama da ita ranar sallah, mafi tsadarta daga Ostiriya take zuwa. Atamfa asalinta rinin mutanen Indunisiya ne, Turawan Holan suka kwaikwaya da inji suka kawo mana. Mafi yawan abin da yake cike da layukan kasuwar yanzu daga Sin yake. Amma wa zai kalli dattijo cikin babbar riga mai aska takwas ya ce masa ya yi shigar Ostiriya? Yadin baƙo ne, to amma ya bi ta hannun tela da mai ɗinkin hannu da mabugi, ya fito namu. A ganina wannan ne ma'aunin da ya kamata mu riƙa auna kowane baƙon abu da shi. Tambayar "daga ina ya zo" ba ta da wani amfani a garin da tun zamanin ayarin raƙuma yake cin kasuwa da nesa. Tambayar da take da amfani ita ce, ya bi ta hannun telanmu, ko kuwa a bandir muka yafa shi?

A nan kuma ba zan yi mana sassauci ba, mu da muka yi boko. Masu bandiri ba su da digiri, amma sun saurara, sun zaɓa, sun yanka, sun ɗinka. Mu kuwa da yawanmu a bandir muke yafa abin da muke so, mu haddace sunayen 'yan ƙwallon Ingila da mawaƙan Amurka, shekara goma ba mu fitar da ko shafi guda na kanmu ba. Haka abin yake a masaƙa. A shekarun 1960 kamfanonin Japan suka haɗa hannu aka kafa masaƙar Arewa Textiles a Kaduna, 'yan Arewa suka yi aiki da injinan Japanawa shekara da shekaru. Yau ta daɗe a rufe, ita da yawancin takwarorinta na Kaduna da Kano, mun koma masu jiran kwantena. Wannan shi ne ya kamata ya hana mu barci, fiye da hodar da wani saurayi ya shafa a Tokiyo.

Na san akwai mai cewa a ransa, to shigar matan fa? Gaskiya ne, addininmu ya hana namiji kamanta kansa da mace, kuma ban zo nan don in halatta abin da aka haramta ba. Na faɗa wa yaron haka a gaban ubansa, shi ma bai yi gardama ba. Ya ce shi bai taɓa sha'awar shafa jan baki ba. Abin da ya kama shi shi ne yadda ganga take gudu kamar za ta fashe, sa'an nan a yanke ta a saki fiyano mai sanyi, da kuma yadda suke ɗaukar tufafi da muhimmanci kamar kiɗan kansa. Iyayenmu ma ai sun ga ana bauta wa gumaka a finafinan Indiya, suka ɗauki kari suka bar gunki a inda suka gan shi. Ban ga dalilin da zai sa mu zaci 'ya'yanmu sun fi su rauni ba, muddin muna zama da su muna tambayarsu abin da suke gani. Ƙwace waya ba ta koya wa kowa zaɓe.

Abin da ya kashe rigimar a daren nan bai zo daga bakina ba. Yaron ne ya ce, cikin ladabi, "Baba, shi ma shugabansu ɗan mai kantin yadi ne." Haka kuwa yake. Iyayen Yoshiki masu sayar da kimono ne, tufafin gargajiyar Japan, kuma bayan ya yi suna ya koma ya buɗe nasa kamfanin kimono. Mai rigar leshin nan irin wadda Alhaji ya gani, akwai Mana na ƙungiyar Malice Mizer, wanda shi ma ya kafa kamfanin tufafi a 1999. Wana ya yi shiru. Can ya fito da wayar, ya ce a buɗo masa hoton. Ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana dubawa, ba fuskar yake kallo ba. Ya ce, "Wannan leshin ba na banza ba ne. Yadi nawa ya ci?"

An mayar wa yaro wayarsa bisa sharaɗi biyu. Na uban shi ne ba kallo a shago, ko da Sarkin Japan ne ya hau dandamali. Nawa kuwa shi ne ya daina jiran fassarar wani, ya koyi harshen. Ya riga ya haddace baƙaƙe 46 na hiragana da 46 na katakana, yanzu ya tunkari kanji, waɗanda ake bukatar sama da 2,000 kafin mutum ya karanta jarida. Makon jiya na biya ta shagon na tarar da littafin lissafin bashi a buɗe, gefen kowane shafi cike da zane-zanen riguna, waɗansu da wuyan kaftani, waɗansu da hannun da ban taɓa ganin irinsa ba. Ya ce akwai wani tela a Fagge da ya yarda zai gwada ɗinka masa guda, in ya kawo yadi biyar na baƙar shadda. Uban ya ce zai ba shi, amma a farashin sari, kuma a rubuta a littafi.

Shugaba, na ga kana duba agogo.