Shaye-shaye da Warkewar Matasa Masu Taɓin Hankali: Jawabin Kwamitin Lafiya a Taron Ƙungiya



Maganar da ta tara mu yau ta 'ya'yanmu ce. Taɓin hankali yakan fara bayyana ne tun daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa wajen shekara 30. Yaro zai fara jin muryoyin da ba wanda ke ji, ya riƙa zargin ana bin sa, ya daina barci, ya ƙaurace wa mutane. Wannan ciwo ne, kuma yana da magani. In an kai shi asibiti da wuri, da yawa suna komawa kasuwa ko makaranta.

To amma akwai abin da ke warware aikin likita, wato shaye-shaye. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna mutum kusan miliyan 14.3 a Nijeriya sun sha ƙwayoyi cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga ciki tabar wiwi. Mu ma da ke zaune a nan Kudu ba mu tsira ba. Ɗan acaba ko ɗan dako yakan sha tiramol wai don ya jure aiki, sai abu ya zama jiki.

Ga yadda abin yake. Maganin asibiti yana kwantar da wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, ita kuwa wiwi ƙara tayar da shi take yi. Shi ya sa wanda ya ci gaba da sha bayan ciwon farko ya fi saurin komawa ruwa, ya fi daɗewa a gadon asibiti, kuma ya fi barin shan magani. Amma ga albishir: likitoci sun gano cewa wanda ya daina, warkewarsa takan yi kusa da ta wanda bai taɓa sha ba.

Saboda haka muna roƙon iyaye da masu gidaje abubuwa uku. Na ɗaya, kada a ɗaure yaro a mari, kada kuma a tura shi gida Arewa don ɓoye kunya. Asibitin Aro a Abeokuta, da na Yaba a Legas, da UCH a Ibadan duk suna kusa da mu. Na biyu, a gaya wa likita gaskiyar abin da yaro ke sha, har da sigari, domin hayaƙinta na rage ƙarfin wasu magungunan. Na uku, kada a tsayar da magani don an ga sauƙi, sai likita ya ce. Addu'a kuwa a ci gaba da ita tare da magani.

In ya dawo, a ba shi sana'a, a raba shi da majalisar da ya koyi sha. In ya sake zamewa, a sake kai shi, ban da gori.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum.