JAWABI GA TARON ƘUNGIYA: IN HAƊARI YA AFKA MA YARA DA YAWA

Mu malaman lakwal mun gode da kuka ba mu dama.

Ran 13 ga Afrilu na 2021 ba mu manta ba: gobara ta kama rumfunan zana na wata lakwal a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. Ran 8 ga Nuwamba na shekarar, irinta ta faru a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu, wasu suka ƙone. Allah ya jiƙan su. Tambayarmu ita ce: in yara 15 suka isa likitar garinmu a sa'a guda, mi za su tarar?

Jikin yaro ya bambanta da na babba. Fatarshi ba kauri, wuta na shiga da nisa. Ruwan jikinshi na ƙarewa da sauri, sanyi kuma na kama shi. Maƙogwaronshi ƙarami ne, hayaƙi na kumbura shi har ya toshe. Maganinshi sai an auna da nauyinshi. Don haka dole likita ta aje allurai ƙanana, da ruwan ƙari, da iskar numfashi, da sikeli, da barguna, da bandeji masu tsabta. Tafin hannun yaro da yatsunshi kamar kashi 1 cikin 100 ne na fatarshi. In ƙuna ta kai tafi 10, sai an ƙara mashi ruwa, a wuce da shi babbar likita.

In majinyata sun yi yawa, ba a bin layi. Ana duba kowa da sauri, a sa mashi alama: ja ga wanda ba ya jira, ɗorawa ga mai ɗan jira, kore ga mai tafiya da ƙafarshi. Iyayenmu, in majo ya wuce ɗanku mai kuka ya nufi wanda ya yi shiru, kada ku ce son kai ne. Mai kuka yana numfashi.

Kafin a isa likita, a zuba ma ƙuna ruwa mai tsabta minti 20, a rufe da zane mai tsabta, a lulluɓe yaron. Kada a shafa mai, ko tawada, ko ƙwai, ko kashin shanu. Inda akwai ƴan kwana-kwana, lambarsu 18.

Ga abin da muke roƙon ƙungiya:

1. Dattawa biyu su je wurin majo, ya rubuta muna abin da ya rasa na yara.
2. Ƴan ci-rani su ware wani abu cikin asusu, don waɗannan kaya da man ambilans.
3. A rubuta sunayen masu mota da masu amalanke, da matasan da suka yarda su ba da jini.
4. Mu malamai mu riƙe rajistar yara, da sunan uban kowa, don kada yaro ya kwana likita ba a san na wa ne ba.
5. Kowace rumfar karatu ta samu ƙofa biyu, da tulun ruwa kusa.
6. Sau ɗaya a shekara, kafin hunturu, mu gwada wannan shiri tare da majo.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna so a tsai da masu zuwa wurin majo yau, kafin a watse. Allah ya tsare muna ɗiyanmu.