JAWABI A TARON WATA-WATA NA ƘUNGIYA: CUTAR FUMFUNA DA SABON MAGANINTA

 

Dalilin wannan magana shi ne rashin da muka yi kwanan baya na wani dattijo cikinmu, Allah Ya jiƙan sa. Ya daɗe da ciwon sukari, an sa masa robar fitsari, zazzaɓi ya ƙi sauka duk da allurai. Da muka tambayi wani ɗanmu likita, sai ya ce fumfuna ce ta kama robar, ta shiga jini. Muka ce fumfuna kuma? Mu dai da ke harkar goro a nan Ibadan mun san ta a huhun da ya sha damshi. Ashe akwai danginta da ke zama a jikin ɗan Adam. Su ne ke kawo makero da ƙyasbi, da farin nan da ke fitowa a bakin jarirai. Wadda ta fi kama roba sunanta Kandida.

To ga inda gizo ke saƙar. Kowa ya san randar da aka daɗe ba a wanke ba. In ka sa hannu ciki za ka ji yauƙi ya manne a jikinta, ko ka zuba sabon ruwa sau goma yana nan, sai an sa soso an dirje. Haka Kandida ke yi. In ta samu roba, ko haƙoran roba, ko bututun ƙarin ruwa da ya daɗe a jijiya, sai 'ya'yanta su taru su yi wa kansu rufi mai yauƙi su ɓuya ciki. Magani ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Ƙwayar da za ta kashe su a sarari, in sun shige wannan gida sai an ninka ta ɗaruruwa, jikin mara lafiya kuwa ba zai ɗauka ba.

Dabarar da masana suka ɓullo da ita ita ce a ƙunsa magani cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunshi da ake kira nano. Kaurin silin gashi guda ya kai kamar nanomita 80,000, su kuwa waɗannan ba su wuce 100 ba. Akwai wani tsohon magani, Amfoterisin B, da aka samo tun shekarun 1950. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma yana taɓa ƙoda. Da aka naɗe shi cikin ɗigon kitse ƙanana, sai ɓarnarsa ga ƙoda ta ragu, kuma gwaji ya nuna yana ratsa wannan yauƙi fiye da na da. Amurka ta amince da shi a 1997 da sunan AmBisome. Tsada gare shi ba kaɗan ba. A 2021, lokacin da baƙar fumfuna ta afka wa masu korona a Indiya, nemansa aka riƙa yi ruwa a jallo.

Ana kuma gwada garin azurfa mai irin wannan ƙanƙanta, har da shafa shi a jikin roba don kada fumfuna ta samu wurin kamawa. Sai dai yawancin wannan aiki a ɗakin bincike yake tukuna. Mun faɗi haka ne saboda mu 'yan kasuwa ne, mun san halinmu. An fara yawo da wasu kwalabe ana cewa ruwan azurfa ne na nano, yana maganin komai. Kada kowa ya ba majinyacinsa. Wanda ya dimanci shan azurfa fatarsa kan rine ta yi toka-toka, ba ta kuma komawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 masu haɗari a 2022, Kandida iri biyu na sahun farko. Likitan ya ce mana in roba ta riga ta kamu, cire ta ake yi a sa sabuwa, magani kaɗai ba ya isa. Marigayin nan tasa ta wuce wa'adi da makonni, don kuɗin canji ya gagara, kuma kunya ta hana iyalinsa su faɗa mana.

Saboda haka duk mai majinyaci da roba a gida, ya tsaya ya ga sakatare bayan an tashi, a rubuta ranar da aka sa ta. Kwamiti ya yarda a riƙa fitar da kuɗin canji daga asusun taimako.