Sharhi: Fim Ɗin Drive da Yi wa Kisa Ado

Fim ɗin Drive na 2011, wanda ya kai Nicolas Winding Refn ga lashe kyautar gwarzon darakta a bikin Cannes na Faransa, yana cikin finafinan fasaha, wato waɗanda ke fifita hoto, haske da shiru a kan yawan zance. Gwanintar daraktan ba ta da ja, sai dai a cikin na'urar hawa bene, inda jarumin fim ɗin, Ryan Gosling, ya sumbaci mace sannan ya tattake kan abokin gaba har lahira, an yi wa kisa ado. A yankin Danko da Wasagu, inda hare-haren 'yan bindiga suka bar marayu da zawarawa, zubar da jini ya wuce abin nishaɗi, don haka wajibi ne iyaye da masu gidajen kallo su nesanta yara daga irin wannan fim.