Tayabak: Tsiron da Rayuwarsa ke Hannun Jemage



Jawabina na yau ya shafi wani tsiro mai suna tayabak, wanda asalinsa dazuzzukan tsibiran ƙasar Filifin ne, musamman Luzon da Mindoro. Dangin wake ne, amma karansa itace ne, yana nannaɗe manyan bishiyoyi yana hawa har tsawon mita 18. Furanninsa tsakanin kore da shuɗi suke, masu lanƙwasa kamar faratan shaho, suna reto a jere daga sama. Masanin tsirrai ɗan Amurka, Asa Gray, shi ne ya bayyana shi a rubuce a 1854, kuma a 2017 hukumar Filifin ta sa hotonsa a bayan tsabar kuɗinta ta peso biyar.

Duk da wannan martaba, tayabak na fuskantar barazanar ƙarewa a daji. Dalili na farko shi ne saran dazuzzuka don katako da noma. Tsiron da ba ya iya tsayuwa da kansa, ranar da aka kayar da bishiyar da yake jingine da ita, ranar shi ma ya faɗi.

Dalili na biyu shi ne jemage. Da dare yakan rataye kai ƙasa yana shan ruwan zaƙin furen, garin furen ya manne masa a ka, ya kai wa wani furen. Ta haka tsiron ke yin 'ya'ya. A lambun Kew da ke Landan, tayabak ya shekara da shekaru yana fure ba iri, sai a 1995 da masana suka kwaikwayi aikin jemage da hannu. Ashe in an kori jemage daga daji, ko tsiron na raye, zuriyarsa ta yanke.

'Yan uwa, wannan al'amari bai yi mana nisa ba. Kuka da ɗorawar da ke gonakinmu na gida, jemagu na cikin manyan masu yi wa furanninsu barbara da dare. Miyar kuka da daddawar da muke aikawa a kawo mana birni, akwai gumin jemage a cikinsu. Saboda haka idan muka je gida, mu ja hankalin yara su rage harbinsa, mu kuma roƙi masu gawayi su ƙyale tsofaffin bishiyoyin da yake kwana a kai.