Maɓallan Da Ba Su Aiki Su Kaɗai

 

An nemi in ɗan yi bayani a kan aikina na buga takardu. To, bari in fara da abin kunyar da ya taɓa samuna. Wata shekara ni na buga takardar gayyata ta wani taro, na rubuta "manyan baki" maimakon "manyan baƙi". Wani dattijo ya riƙe takardar, ya ce mini, "Yaro, bakinmu ne ya yi maka girma?" Ƙugiya ɗaya ce ta jawo mini wannan. Maganin kuwa yana nan a gefen allon maɓallai, ban sani ba.

Akwai maɓallai uku da ba su rubuta komai su kaɗai, wato Shift da Ctrl da Alt. Sai ka danne ɗaya, ka taɓa wani harafi, sannan aiki ya fito. Shift shi ne babbansu, tun tafireta ta Remington ta 1878 yake fitar da manyan baƙaƙe. Ctrl kuwa daga injinan aika saƙo ta waya ya samo asali, inda danna shi tare da G ke kaɗa ƙararrawa a can ɗaya ɓangaren.

Amma a yi hattara, kowace manhaja da nata tsarin. A WordStar, wadda da yawanmu muka fara koyo da ita, Ctrl da Y share layi yake yi gaba ɗaya. A Word, maimaita aikin da ka soke yake yi. A Emacs kuma, liƙa abin da ka yanke. Saboda haka kada hannu ya riga ido a manhajar da ba ka saba da ita ba.

Yanzu ga maganin ƙugiya. A Word na Windows, rubuta 0199, ka danne Alt ka taɓa X, sai ƙ ta fito. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuma 0253. In haddace lamba ya yi maka nauyi, shiga wurin da ake zaɓen alamomi, ka ba kowane harafi gajeriyar hanyarsa, misali Alt da K don ƙ. Sau ɗaya za ka yi, shi ke nan.

Malamanmu na Hausa sun sha jan kunnenmu cewa kafa daban, ƙafa daban. A da muna da uzuri, domin tafireta ba ta da waɗannan haruffa, sai dai mu bi da biro mu sa ƙugiya. Yau wannan uzuri ya ƙare. Ina roƙon duk mai aiko da rubutu ga wannan mujalla ya sa ƙugiyoyinsa.