Daga bakin tafkin Romo zuwa Gwandu: yawon yini ɗaya a gida

 Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na Tambuwal, Dogon Daji, Jabo da Sanyinna, da 'yan'uwa na Kebbe da Kuchi. Waɗanda data ba ta bari sunka saurara ba, ga rubutun shirin nan kamar kullum.

Yau za mu ɗan aje maganar aikin yi da siyasa, mu tafi yawo. Da an ce yawon buɗe ido, hankalin matashinmu sai ya tafi Abuja ko Dubai, alhali nan kusa akwai wuraren da mutum zai zagaya cikin yini ɗaya da kuɗin mota kaɗan. Bari in zana muku hanya.

Mu fara da bakin ruwa. A ƙaramar hukumar Tambuwal akwai garin Romon Sarki da tafkin Romo. Ƙaramin gari ne, kada ka je kana neman otal ko wurin shaƙatawa irin na birni. Abin kallon shi ne rayuwar mutanen bakin ruwa, kuma da sassafe ake ganinta: masunta na fitowa da abin da sunka samu, wasu na gyaran taru, masu saye na ciniki, masu suya na hura wuta. Ka zauna da tsohon masunci ka tambaye shi sunayen kifaye da na kayan su, ka ji yadda ruwan yake yana yaro da yadda yake yanzu. Wallahi darasin da za ka samu cikin rabin awa ba ka samunsa a aji. Mutanen Kebbe kuma, ku da gulbin Zamfara ya ratsa ƙasarku ya nufi Jega, wagga rayuwa ba baƙuwarku ba ce, sai dai sabo ya sa ba ku ɗauke ta abin nuna wa baƙo ba.

Daga nan sai ka dawo cikin Tambuwal. Da yawa daga cikinmu nan anka haife mu, amma in an tambaye mu matsayin garin a tarihi sai mu yi shiru. Tambuwal ribaɗi ne a zamanin Daular Usmaniyya, wato gari mai tsaron iyaka, inda mutane ke zaune suna noma da karatu kuma suna cikin shirin kare ƙasa. Wanda anka ba riƙonsa shi ne Muhammadu Buhari, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, jarumi kuma malami mawaƙi, kuma zuriyarsa ce ta ci gaba da sarautar garin. Ka nemi dattawan fada, ka roƙi su nuna maka tsofaffin unguwanni da inda iyakar gari take a da.

Sai kuma Gwandu. Tana arewa da Tambuwal, ƙetare iyakar jihar Kebbi kawai, tafiyar mintoci ce. Shehu da jama'arsa sun sauka Gwandu a 1805, kuma a shekarar nan anka yi yaƙin Alwasa, inda jama'ar ta yi asarar mutane masu yawa, har abokan gaba sunka biyo su ƙofar garin kafin a kore su. Da Shehu ya raba riƙon ƙasa a 1812, yamma ta faɗa hannun ƙanensa Malam Abdullahi, gabas hannun ɗansa Muhammadu Bello. Malam Abdullahi ya rasu a 1829, hubbarensa yana nan Gwandu ana ziyarta. Shi ne marubucin Tazyinul Waraƙat da Liya'ul Hukkam da tafsirin Liya'ut Ta'awil, littattafan da har yau ake karantawa a zaurukanmu da jami'o'i.

Ga wani abu da zai ba ku mamaki. A 1853, zamanin Sarki Halilu, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ke yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Gwandu. A nan ya samu kwafin Tarikh al-Sudan, littafin tarihin Songhai da Timbuktu, ya zauna ya kwafe sassa masu yawa ya aika Turai. Ta hannunsa masanan can sunka fara sanin abin da ke cikinsa. Ku duba fa, mutum ya ratso hamada ya zo neman abin da ke maƙwabtanmu, mu kuwa kuɗin kabu-kabu ya gagare mu.

Wanda ke da sauran lokaci kuma hanyarsa ta Sakkwato ce, yana iya tsayawa garin Shagari, inda anka rufe tsohon shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari a Disambar 2018, sannan Sifawa kusa da Boɗinga, inda Shehu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815.

To, mi ya sa nake wagga magana a shirin matasa? Dalili biyu. Na farko, yawancin abin da anka sani game da ƙananan garuruwanmu yana bakin tsofaffi ne, ba a takarda ba. Gwandu da Sifawa suna cikin littattafai. Amma tarihin kafuwar ƙauyenku, da sunan rijiyar da anka fara ginawa, da dalilin da ya sa kakanninku sunka taso daga wani wuri, in tsohon da ya sani ya faku, shi ke nan. Na biyu, ziyara kasuwa ce. Baƙo zai hau mota, ya ci abinci, ya sayi kifi, ya sallami wanda ya zagaya da shi. Bikin kamun kifi na Argungu da duniya ta sani ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ga shi a 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Abin da ya fara da tarbar baƙo ke nan.

In za ku je, ga shawara. Ku bari sai bayan kaka, lokacin da hanyoyi sunka bushe. Ku tafi ku uku ko huɗu. Kun san halin tsaro a yankinmu, don haka ku tambayi mutanen gari da direbobin tasha lafiyar hanya tun daren jiya, in sun ce a dakata to a dakata, kuma ku kamo hanyar gida da la'asar. In kun isa ƙauye ku fara da ƙofar maigari, ku yi gaisuwa, ku faɗi abin da ya kawo ku. Kada ku ɗauki hoton kowa sai da izininsa, musamman mata. A hubbare a shiga da ladabi, a yi addu'a, a rage hayaniya. Kuma in kun tsaya wurin masunta ku sayi wani abu, kada a tashi mutum daga sana'arsa a bar shi da na gode kawai.

Aikin da nake ba kowa a wanga wata shi ne: ka nemi tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya a garinku, ka nemi izini, ka kunna rikoda ta wayarka minti goma sha biyar, ka tambayi yadda anka kafa garin. Ka rubuta sunan garin da ranar, ka aje kwafi, ka turo mana. Waɗanda sunka yarda a sa muryarsu, za mu saurare su tare a shirye-shirye masu zuwa.

Mu kwana nan. Allah ya ba mu zaman lafiya a Tambuwal da Kebbe da ƙasa baki ɗaya. Sai mun haɗu mako mai zuwa, wassalamu alaikum.